Mutumin da Ya Kama Inuwarsa da Ƙarya

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta abin da mutane za su karanta ba in ban da amsar jarrabawa, kuma aikin da zan yi magana a kansa ba nawa ba ne. Ni mai karanta littattafan wasu ce a lungun ɗaki. Ɗan abin da na sani game da kwamfuta aro na yi daga bakin yayata da abokan aikin mutumin nan, don haka in masana sun ga na karkace, laifina ne ba nasu ba. Sau huɗu ina yaga shafin farko. Abin da ya hana ni yaga na biyar shi ne ban ga wanda zai rubuta ba in na fasa, kuma akwai wani yanki na labarin da yake hannuna ni kaɗai.

Shekara ashirin da shida, ƙarfe bakwai saura kwata a ƙofar ma'aikatar take yi masa. Yakan tsaya ya gaisa da mai gadi har da tambayar ciwon gwiwa, sannan ya hau bene, ya bi doguwar baranda zuwa ɗakin ƙarshe, wanda kowa yake gudu saboda sanyin manyan na'urorin da ke maƙwabtaka da shi. Akwai wata tsohuwar suwaita da take rataye a bayan ƙofa, gwiwar hannunta duk ta ɓule. Sai ya sa ta, ya cire takalmi ya tura ƙarƙashin tebur. Ba ya fara kunna kwamfuta. Littafinsa yake buɗewa, ya karanta abin da ya rubuta jiya da fensir, kamar mai duba aikin wani da bai gama yarda da shi ba. Bayan nan ne zai dubi sakamakon gwajin da ya bari yana tafiya.

Ma'aikatar tana haɗa na'urorin da ke kula da ɗakunan sanyi, irin waɗanda ake ajiye magunguna a ciki. A cikin kowace akwai ɗan ƙaramin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, wanda bai kai farcen babban yatsa ba. Ba a iya leƙa cikinsa a ga abin da yake yi. Saboda haka kafin a ɗora masa kowace manhaja, sai an gwada ta a cikin wata babbar manhaja da take kwaikwayon furosesan taki bayan taki, a hankali, yadda mutum zai iya tsayar da ita ya duba. Ma'aikata suna kiran wannan mai kwaikwayo Inuwa, tunda inuwar ƙarfen ce, wato ainihin furosesan. Mutumin da nake jinjina wa shi ya gina Inuwa, shi ya raine shi.

In sabon ma'aikaci ya zo, yakan zaunar da shi ya ce: "Ka ɗauka akwai akawu biyu a cikin abin nan, ma'ajiyarsu ɗaya. Na farko ya auna sanyin ɗaki, ya rubuta, ya kai ma'ajiya, sannan ya ɗaga tuta alamar saƙo ya sauka. Na biyu in ya ga tuta sai ya je ya ɗauko. Ka ga matsala a nan?"

Sabon ma'aikaci ya ce babu.

"To kowane akawu yana da aljihu. Don sauri, ba ya tafiya ma'ajiya nan take, a aljihu yake tara abin da ya rubuta. Yanzu gaya mini, tsakanin saƙo da tuta, wa ya riga wa fita?"

Daga nan sunan ya samo asali. Duk abin da aka kawo masa, ko na'ura ce ta tsaya ko mutum biyu ne suka saɓa a kan wurin ajiye babur, tambayarsa ɗaya ce. Har aka manta sunansa na yanka, ya zama Malam Wa-ya-riga. Dogo, abokin aikinsa na tebur na kusa, ya rantse mini cewa ranar da aka haifa wa Malam 'yan biyu, kafin ya tambayi lafiyar mai jego abin da ya fara tambayar ungozoma ke nan.

Yayata ta shiga ɗakin nan tana da shekara ashirin da huɗu, ita ce mace ta farko da ta zauna a ciki. Malam ya koya mata aikin har ta fara kama shi da kuskure, abin da yake sa shi dariya har ya cire tabarau ya goge. A gida kuwa ba mu da hira sai ta ofis. Inuwa ya ce kaza, Inuwa ya ƙi kaza, yau Inuwa ya ɓata mata rai. Wata rana muna zaune Umma ta ajiye tsintsiya ta ce, "Wai ni wannan Inuwan da kullum yake bakinki ɗan gidan wane ne? In da gaske yake yi ya turo manyansa mana." Yaya ta yi dariya har ta zame daga kujera. Ban ƙara jin ta yi irin wannan dariyar ba.

A shekararta ta uku aka ba ta aikin rubuta manhajar sabuwar na'ura. Ta gama, Inuwa ya gwada ya ce lafiya lau, aka tura na'urori wurare. Wata biyar bayan haka, ɗakunan sanyi uku suka kashe kansu babu dalili. A ɗaya daga cikinsu sai da aka kwana biyu kafin a lura, maganin yara ɗaki guda ya lalace aka zubar.

Aka kafa kwamitin bincike. Yaya ta yi mako biyu tana bin aikinta layi layi, ta shiga gaban kwamiti da bayani ɗaya. Ta ce akawu na biyu yana ganin tuta, ya je ma'ajiya ya tarar babu komai, ya ɗauka ɗakin ya daskare, sai ya kashe injin ya kulle. Ta ce ita ta rubuta saƙo kafin tuta, amma ƙarfen ne yake barin tuta ta riga fita daga aljihu.

Dogo yana wurin, shi ya ba ni yadda aka yi. Manaja ya juya ya dubi Malam.

"Malam, abin da take faɗa zai yiwu?"

"Na gwada sau miliyan goma a Inuwa. Ko sau ɗaya tuta ba ta riga saƙo ba."

"Ban tambaye ka miliyan ba. E ko a'a?"

Dogo ya ce Malam ya daɗe yana juya fensir a hannu. Sannan ya ce, "A'a."

Yaya ta dube shi ta ce, "Malam, Inuwa ka tambaya. Ba ka tambayi ƙarfen ba."

A ganin 'yan kwamitin yarinya ce ta yi kuskure take neman wanda za ta ɗora wa. Takardar sallamar da aka ba ta ba ta da tsawo, amma akwai kalmar sakaci a layi na biyu, kuma masu irin wannan aiki ba su da yawa, kowa ya san kowa. Duk inda ta nema, labarin ya riga ta isa. Ta yi makonni ba ta fita ko tsakar gida. Ta canza lambar waya, ta ba ɗan kawunmu kwamfutarta. Daga baya ta samu koyar da lissafi a wata makaranta a ɗaya gefen gari. Umma ta ce da Inuwa da mai Inuwa, kada ta ƙara jin sunansu a gidanta. Ni ma na tsani mutumin, ban taɓa ganinsa ba.

A ma'aikata aka ba wani ya sake rubuta manhajar. Tasa ta fi ta Yaya nauyi, ba ta da sauri, kuma na'urori suka daina tsayawa. Kowa ya ce to ga shi nan, ashe daga yarinyar ne. Wata huɗu bayan haka na'ura ɗaya ta tsaya sau ɗaya. Manaja ya ce wutar lantarki ce, a rufe maganar.

Malam bai rufe ba. Ya sauka ɗakin haɗa kaya ya karɓo ainihin allon na'urar, ya jona shi a teburinsa da wayoyi kamar mara lafiya a gadon asibiti. Ya rubuta ɗan gwaji mafi ƙanƙanta da zai iya: akawu biyu, saƙo ɗaya, tuta ɗaya, a maimaita ba iyaka. Ya sa Inuwa yana yi, ya sa ƙarfen yana yi. Babu wanda ya sa shi, kuma aikinsa na kullum yana nan yana jiransa, sai dai ya tsakura lokaci daga hutun rana. Mako ya wuce, wata ya wuce, dukansu biyu suna ba da amsa iri ɗaya. Da wani ne, da ya ce alhamdulillahi ya kwance wayoyinsa. Shi sai ya canza tazara tsakanin saƙo da tuta, ya matsar da wurin ajiyarsu, ya ƙara wa akawun farko aiki don aljihunsa ya cika, ya sake jira. Littafi uku ya cika da fensir.

Matar da take share benen ta ce mini ba za ta manta safiyar ba. Watansa na bakwai ke nan yana gwajin. Ta shiga da bokitinta ta same shi zaune, hularsa a kan gwiwa, ya zuba wa allon kwamfuta ido ba ya ko motsi.

"Malam, lafiya? Rasuwa aka yi?"

"A'a, Iya."

"To me ya same ka haka?"

Ya nuna mata wata lamba a ƙasan allo. Ta ce ita dai sifili ta saba gani a wurin in tana goge teburin, ranar sai ta ga ɗaya.

Ya ce, "Sau miliyan arba'in, ya yi sau ɗaya. Yarinyar nan ita ce da gaskiya."

Iya ta ce ba ta fahimci komai ba, amma ta ajiye bokitin ta fita ta ja masa ƙofa.

Sanin cewa Inuwa ya yi ƙarya daban, gano inda ƙaryar take daban. Inuwa layi dubbai ne a kan dubbai, hannu da yawa sun taɓa shi. Wata uku Malam yana bi, har ya iso wurin da ake kwaikwayon aljihu. A nan ya ga an rubuta cewa abin da ya fara shiga shi zai fara fita, bi da bi, babu mai tsallake wani. A littafin masu ƙera furosesan kuwa, can cikin wani shafi, an faɗa ƙarara cewa in abu biyu ba wuri ɗaya za su ba, na baya yana iya wuce na gaba in hanyarsa ta fi buɗewa. Inuwa ya fi ƙarfen ladabi, shi ke nan laifinsa. A gefen layin akwai ɗan bayani da mai rubutawa ya bari: "Na wucin gadi. A gyara in an samu sarari." Ga kwanan wata, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ga kuma sunan mai rubutun. Nasa ne.

Dogo kaɗai ya nuna wa. Dogo ya karanta, ya tashi ya rufe ƙofa.

"Gyara ka yi shiru. Wa zai sani? Saura maka shekara uku ka huta, kuma na ji sunanka yana cikin waɗanda za a ɗaga bana."

"In na gyara, Inuwa ya warke."

"To me kake nema kuma?"

"Takardar yarinyar fa? Ita wa zai gyara?"

"Ta tafi, Malam. Ta kama wani aikin."

"Ta tafi da kalmar da ni na sa aka rubuta mata."

Dogo ya ce mini ya yi masa magiya har ya koma zagi, ya ce masa tsoho mai taurin kai. Malam ya ce ya yarda da tsohon, ya yarda da taurin kan.

A taron mako, bayan an gama abin da aka taru dominsa, ya miƙe ya ce yana da magana. Ya haska layin a bango, ya karanta shi da bakinsa, ya karanta kwanan watan, ya karanta sunansa. Ya ce maganin da ya lalace a wuyansa yake, kuma amsar da ya ba kwamiti ba daidai ba ce.

Kai ne, Malam, wanda ya farauci laifi wata goma, da ya kama shi ya ga fuskarsa ce, bai sake shi ba. Kai ne ka tsaya gaban yaran da ka koya wa aiki ka ce ga inda na gaza, alhali ƙofa a buɗe take ka wuce babu mai gani. Mai bin sawun abin da ba ya barin sawu, ban san da wane suna zan kira ka da ya fi wannan ba.

Ba a yi masa tafi ba. An cire sunansa daga waɗanda za a ɗaga, aka ɗauko wani da shi ya koya masa riƙe aikin aka ɗora a kansa. Kuma gyaran da kansa ya jawo masa baƙin jini. Da ya koya wa Inuwa rashin ladabin ƙarfen, ya bar na baya yana wuce na gaba, sai gwaje-gwajen da suka shekara suna wucewa lafiya suka fara faɗuwa. Kurakurai goma sha tara suka fito daga maɓoyarsu, a aikin mutane daban daban, uku na Dogo ne. Manhajar da aka maye gurbin ta Yaya da ita ma tana ciki. Rashin saurinta ne kawai ya rufa mata asiri. Mutane suka riƙa cewa da muna zaune lafiya. Wasu suka daina amsa gaisuwarsa a baranda. Shi kuwa sai ya ja kujera ya zauna kusa da mai kuskuren, su nemo inda ya kamata a kafa abin da suke kira shinge, wato umarnin da yake tilasta wa akawu ya zazzage aljihunsa kafin ya ɗaga tuta. Shinge ya yi yawa na'ura ta yi nauyi, ya yi kaɗan ta tsaya. Ɗaya bayan ɗaya suka bi su. Tun daga lokacin babu ɗakin sanyin da ya ƙara kashe kansa. Iyayen yaran da suka sha maganin da bai lalace ba ba su san da shi ba, ba kuma za su sani ba.

Abu ɗaya ya nema wa kansa, shi ma ba nasa ba ne. Ya yi ta sintiri ofishin Manaja har Manaja ya gaji ya sa hannu a wata takarda: an janye kalmar sakaci, kuma kujerar Yaya tana nan, in ta zo cikin wata uku. Manaja ya ce shi dai ba zai aika kowa ba. Malam ya ce shi zai kai.

A nan ne na shigo labarin, kuma da zan iya tsallake wurin da na tsallake.

Ranar wata Asabar da la'asar aka yi sallama. Na leƙa na ga dattijo siriri da tabarau, riƙe da ambulan. Da ya faɗi ko shi wane ne, na koma na gaya wa Umma. Ta ce, "Auta, je ki ce ba ta nan." Yaya tana ɗaki tana gyaran takardun ɗalibai, ba ta ma ji ba. Na je na faɗa. Ya ce ba komai, zai dawo. Ya dawo Asabar ta gaba, na sake faɗa. A ta uku bai tambaya ba. Ya dube ni, na san ya san ƙarya nake yi, amma bai nuna ba.

Ya ce, "'Yata, ki ba ta wannan hannu da hannu. Ba sai ta yafe mini ba. Ta dai karanta, kuma kada a daɗe."

Umma ta ce in sa a wuta. Ban iya ba, ni ko tsohuwar jarida ba na iya ƙonawa. Amma ban kai wa Yaya ba. A lokacin ta fara cin abinci sosai, ta fara ba mu labarin ɗalibanta, na ji tsoron in tayar mata da abin da ya kwanta. Na ɗauka haƙuri kawai yake bayarwa, kuma a zuciyata na ce bai cancanci a saurare shi ba. Na sa ambulan ɗin a tsakiyar babban ƙamus ɗina na ce gobe. Da goben ta yi yawa sai kunya ta hana ni, da kunyar ta tsufa sai na daina buɗe ƙamus ɗin. Malam bai sake zuwa ba. Ya ɗauki shirun a matsayin amsarta, ya ce tana da haƙƙi. Da wata ukun suka cika aka ba wani kujerar.

Shekara biyu da rabi takardar tana wurina.

Watan jiya na haɗu da Dogo a shagon sayar da littattafai. Ya gane ni saboda kamar da muke yi da Yaya. Ya ce Malam zai yi ritaya ƙarshen wata, sannan ya ƙara da cewa, "Yayarki tana da zuciya. Mutum ya zubar da girmansa saboda ita, ya ƙwato mata kujerarta, ko a'a ba ta aiko ba."

Na ce, "Wace kujera?"

A tsaye a bakin shagon ya ba ni yawancin abin da na rubuta a sama. Ban san yadda na iso gida ba. Na ciro ambulan ɗin, ya yi lebur, gefensa ya yi ja. Yaya tana zaune a bakin gado da jan biro. Ta karanta sau biyu, sannan ta dubi kwanan watan.

"Tun yaushe yake wurinki?"

Na faɗa mata.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ninke takardar yadda take ta ce, "Auta, fita ki ja mini ƙofa." Kwana tara ba ta yi mini magana ba. Umma ta je ta tsaya a ƙofar ɗakin ta ce, "Ni na ce a ƙona. In fushi za ki yi, da ni za ki yi." Yaya ta ce ba fushi take yi ba, lissafi take yi. A rana ta goma da safe ta leƙo ɗakina ta ce, "Sa takalminki."

A ɗakin taro aka yi bikin sallamar Malam, da kujerun roba da kwalaben lemo. Muka zauna a layin baya. Manaja ya yi jawabi, ya yabi zuwan Malam aiki a kan lokaci, ya ce bai taɓa neman hutun rashin lafiya ba, ya miƙa masa agogon bango a kwali. Bai ambaci Inuwa ba, bai ambaci goma sha taran ba. Aka ce duk mai abin faɗi ya taso. Akwai 'yar takarda a jakata da na rubuta jinjina layi goma, na riƙe ta har ta jiƙe da gumi, ban tashi ba. Aka yi addu'a aka fara watsewa.

Yaya ce ta tashi. Ta bi ta tsakanin kujeru har gabansa. Ya ɗago, ya ajiye kwalin a hankali, ya miƙe tsaye.

Ta ce, "Malam, takardar ba ta zo hannuna ba sai makon jiya."

Na jira ya waiwayo ya neme ni. Bai waiwayo ba.

Ya ce, "Ta dai iso."

"Ta makara."

"Ni na fara makara. Shekara goma sha ɗaya." Ya cire tabarau, bai goge ba, ya riƙe a hannu. "Na cuce ki, 'yata. Ban da abin da zan mayar miki."

"Ba dawowa na zo yi ba. Ina da yara sittin da suke jirana ranar Litinin, rabinsu ba su iya raba lamba ba. Na zo ne kada ka tafi kana zaton na karanta na yi shiru."

Dogo ya juya baya yana ta faman buɗe lemon da yake a buɗe.

Can Malam ya ce, "Akwai matsala guda ɗaya da ta gagare ni. Akawu uku ne wannan karon. Ƙarfe huɗu zan miƙa makulli."

"Malam, shekara huɗu ban taɓa aikin nan ba."

"Ni ashirin da shida ina taɓawa, kin ga inda ya kai ni."

Ta yi wani abu da ya kusa zama murmushi. Suka fita, na bi su daga nesa har ƙarshen baranda. Ya ba ta kujerarsa, shi ya tsaya a bayanta. Kafin minti biyar na ji tana cewa, "A'a, Malam, koma baya, ka wuce wurin," shi kuma yana cewa, "Ina? Nuna mini."

Malam, na gode. Na gode a madadin Yaya da ka wanke sunanta da naka, da Umma da ta ce in gaya maka ƙofarta a buɗe take duk Asabar ɗin da ka ga dama, da kaina da ka rufa mini asiri sau biyu ba tare da na roƙa ba. Shekarun da suka zube ba za su kwasu ba, kujerar ba za ta dawo ba, kuma kasona a wannan asara ni zan ɗauka. Ga masu karatu kuwa, musamman masu aikin da babu mai leƙawa ya ga yadda suka yi shi, roƙona kaɗan ne. In ƙaramin ma'aikaci ya ce muku ku sake dubawa, ku sake. In kun rubuta a gyara daga baya, ku koma ku gyara. In kuma wata rana kuka bi laifi har ya kawo ku ƙofar kanku, ku yi yadda dattijon nan ya yi, amma ku riga shi saurin yi.

Ban shiga ɗakin ba. Na tsaya a jikin bango har na ji musunsu ya yi zafi, Yaya tana neman fensir, Dogo ya wuce ni da kujera a hannu bai ko gan ni ba. Sai na cire takalmina na riƙe don kada ya yi ƙara, na sauka matakala. Mai gadi yana can yana sauraron rediyo, ƙaramar ƙofa a buɗe take, na bi ta nan na fita.